Noti Takwas

Mahaifina fita ne. Haka muke kiran bakanike a nan Kumasi. Ya yi shekara arba'in da ɗoriya a Magazin ta Suame kafin shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a gida, ta kuma ɗaure masa harshe. Ni ban gaje shi ba. Hannuna bai san giris ba, da baki nake cin abinci: kullum bayan asuba ina gidan rediyo ina gabatar da shirin Hausa ga mutanen Zango. Baba bai taɓa yi mini gori ba, amma na sha ganin yadda yake kau da kai idan na tura babur ɗina wajen yaran unguwa don a ɗaure mini birki.

A bayan gidanmu a Aboabo, ƙarƙashin rumfar kwano, akwai wata jar mota mai kujera biyu, rufinta na tamfol. MGB ce ta 1967, irin waɗanda aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980. Baba ya saye ta a hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma gida. Sitiyarinta a dama yake, domin lokacin da ta shigo ƙasar nan a hannun hagu ake tuƙi. Sai ranar 4 ga Agusta 1974 Ghana ta koma hannun dama. Ina ƙaramin yaro aka daina tayar da ita. Mun yi wasan direba a cikinta, kajin Mma sun yi ƙwai a kujerarta, masu sayen tsohon ƙarfe sun yi ta zarya, Baba ya ƙi sayarwa.

Da aka sa ranar auren autarmu, sai ta ce cikin raha ita a motar Baba za a kai ta wurin walima. Kowa ya yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ni. Saura wata uku a lokacin, ni kuwa na amsa a gaban kowa.

Na nufi Magazin wajen tsohon yaron Baba, wanda yanzu shi ma ya yi furfura, yana da yara fiye da goma da ke ce masa Masta. Mu a gida Yaya muke kiransa, shi kuma har gobe "ɗan Masta" yake ce mini. Wanda bai taɓa shiga Magazin ba, da wuya ya gane girmanta. Gari ne sukutum na ƙarfe: gareji na bin gareji, masu walda, masu zuba ƙarfe, masu sayar da injin da aka kwance daga Turai, ƙarar guduma ba ta yankewa daga safe har magariba. Sunan ma ya samo asali ne daga ma'ajiyar makamai ta zamanin Turawa, inda masu sana'ar suka fara taruwa kafin su koma Suame. Mutanen Kumasi kan ce abin da ka rasa a Magazin, to babu shi. Da wannan maganar na shiga, hankalina kwance.

Injin bai ba mu wahala ba. Cikin sati uku Yaya ya wanke tanki, ya gyara kafireta, ya sa sabon batir, motar ta yi tari ta tashi. Na ɗauki ƙarar a waya na kai wa Baba ya ji. Matsalar ta ɓullo ne ranar da aka ɗaga gabanta aka cire tayoyi.

Yaya ya kira ni ya ce in durƙusa. Ya nuna mini cewa shokazobar wannan mota ba doguwa ba ce irin ta motocin yanzu. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne mai mai a ciki, da hannu da ya miƙo daga jikinsa, kuma wannan hannun shi ne ke riƙe ƙafar motar ta sama. Noti huɗu ne ke ɗaure akwatin a jikin babban ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin injin, huɗu a dama, huɗu a hagu. Duk ramin da taya ta faɗa, duk birkin da aka taka, duk kwanar da aka sha, a kan waɗannan takwas ɗin nauyin ke sauka. Idan suka saki, taya za ta kwanta ana cikin tafiya. A motarmu uku sun ɓace, wataƙila wani ya ara tun shekarun baya bai mayar ba, biyu tsatsa ta cinye, sauran ukun sun miƙe saboda ɗauri.

"Dukkansu za mu canja, ɗan Masta," in ji shi. "Je ka nemo. Uku bisa takwas na inci, mai ƙananan zare."

Na yi zaton aikin rabin sa'a ne. Na ɗauki guda ɗaya a aljihu na shiga layin masu noti. Shago na farko yaron ya juya shi, ya zuba mini wasu a tafin hannu ya ce lamba goma ce. A ido ba su da bambanci. Da na kai, Yaya ko karɓa bai yi ba. Ya ce uku bisa takwas na inci milimita tara da rabi ne da ɗan ɗigo, wannan kuwa goma ne cif. Nawa yana da zare 24 a kowane inci, na shagon an yanka shi da lissafin milimita. Zai kama zagaye ɗaya ko biyu ya cije, mai gaggawa ya sa ƙarfi, ya cinye zaren ramin, shi ke nan an mai da ƙaramin aiki babba. Kama da wane ba ta wane.

A ranar na fahimci cewa noti ma yana da yare. Ingila ta daɗe tana amfani da ma'aunin da Joseph Whitworth ya tsara a 1841. A Yaƙin Duniya na Biyu aka ga notin Ingila ba ya shiga na'urar Amurka, sai ƙasashen biyu da Kanada suka amince da ma'auni ɗaya na inci a 1949, kuma da shi aka ɗaure motar Baba. Daga baya duniya ta karkata ga milimita. Motocin Japan da Koriya da Jamus suka cika titunanmu, tsofaffin Bedford da Austin da Morris suka tafi wajen masu narka ƙarfe, 'yan kasuwa suka daina shigo da abin da ba a tambaya. Yaran da ke shagunan yanzu an haife su ne bayan wannan canji. Idan ka ce musu sifana tara bisa goma sha shida, sai su miƙo maka lamba 14 ko 15, ɗaya ta matse, ɗaya ta zame. Masu jin wancan yaren tsofaffi ne irin Baba, kuma kullum raguwa suke yi.

Sati biyu ina yawo. Ina tashi daga aiki in hau tirotiro zuwa shatale-talen Suame, in bi shago-shago har la'asar. Na sami masu kaurin daidai amma zarensu manya. Na sami masu zaren daidai amma gajeru. Na aika wa wani abokina a Accra ya duba Abossey Okai, ya dawo mini da irin na milimita. Na duba intanet na ga masu sayar da kayan tsofaffin motoci a Ingila suna da su, sai dai kuɗin aikowa ya ninka kuɗin notin sau da yawa, ga hidimar biki ta riga ta cinye aljihuna, ga ba tabbacin ranar isowa.

Saura kwana goma sha biyu, wani ya nuna mini shagon mai injin sassaƙa ƙarfe. Mutumin ya auna nawa, ya ce in dawo da yamma. Na dawo na tarar da noti takwas suna ƙyalli, zarensu daidai, tsawonsu daidai. Na gwada ɗaya a ramin da hannuna, ya shige sumul. Ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Yaya ya ɗauki ɗaya ya dubi kansa, ya tambaye ni da wane ƙarfe aka yi. Na ce ban tambaya ba. Ya ɗaure shi a bais, ya kawo guduma ya buga sau biyu, notin ya lanƙwashe kamar rake. Ya ɗauko tsohon na motar, wanda ya ce ya gaji, ya yi masa irin wannan bugu, ko gezau. Ya ce nawa rodin gini ne aka sassaƙa. Notin ƙafar mota ana yin sa da ƙarfen da aka gasa aka tsoma, zarensa kuma murza shi ake yi ba yankawa ba, shi ya sa ba ya saurin tsagewa. Alamarsa tana kansa: na inci za ka ga layi uku ko shida, na milimita za ka ga 8.8 ko 10.9. Mai 8.8 yana ɗaukar kusan ninki biyu na abin da ƙarfe mai laushi zai ɗauka. Nawa kansu fili ne fetal.

Ya ce sassaƙa noti ba baƙon abu ba ne a Kumasi. Tun farkon shekarun 1970 cibiyar fasaha ta jami'ar kimiyya ta garin nan ta fara yi wa masu gina bodin katako na manyan motoci noti, kuma a 1980 ta buɗe reshe a cikin Magazin. "Amma notin katako daban, notin ƙafa daban."

Raina ya ɓaci. Na ce masa tafiyar ba ta kai kilomita uku ba, daga gida zuwa wurin walima, kuma a hankali zan tuƙa. Na ce na yi alkawari a gaban Baba. Na ma ce masa idan ba zai ɗaura ba, akwai masu ɗaurawa. Ina jin kunyar wannan maganar har yau. Bai ɗaga murya ba.

"Motar ta gidanku ce, ka iya janye ta. Amma ba da hannuna ba. Wa za ka ɗauka a ciki?"

Ban amsa ba. Na kwashe notina na tafi gida, da niyyar in kai ƙararsa wurin Baba. Na zauna kusa da tabarmarsa na yi ta bayani, sannan na sa masa ɗaya a hannu. Bai duba zaren ba. Ya sa babban yatsa ya shafa kan notin, ya sake shafawa, yana neman abin da babu. Sai ya buɗe hannu ya bar shi ya faɗi a siminti. Ya dube ni, ya girgiza kai sau ɗaya.

An yi biki ba MG. A motar wani maƙwabci aka kai amarya. 'Yan uwa sun yi mini tsiya son ransu, wata gwaggona ta ce ai mai rediyo sai baki. Na haɗiye, domin ban ga inda ta yi ƙarya ba.

Bayan biki da sati guda, a ƙarshen shirina, na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ce jama'a, ina cigiyar noti uku bisa takwas na inci, mai ƙananan zare, mai layi a ka. Mutum biyu suka bugo suna dariya. Na uku wani dattijo ne daga Zangon Ejura da ya zo jinya wurin ɗansa a Asawase. Ya ce, "Yaro, a wajen masu mota kake nema? Je ka wajen masu tarakta." Ya ce tsofaffin Massey Ferguson da ke noman masara a yankinsu da ma'aunin inci aka ɗaure su, kuma shi ya yi shekaru yana gyaransu. Da ya ji sunan unguwarmu da irin motar, sai ya ce ya san mai ita, sun taɓa haɗuwa a Magazin tun ana kashe sidi na da.

Bayan kwana biyar wani direban motar Ejura ya kira ni in same shi a tasha. Ya miƙo mini gwangwanin Milo. A ciki akwai noti goma sha biyu, sababbi, naɗe a takarda mai maiƙo, kowanne da layi uku a kansa. Dattijon ya ƙi karɓar ko sisi. Saƙonsa ɗaya ne: a gaida Masta.

Kafin in kai Magazin na biya gida na sa wa Baba ɗaya a hannu. Ya shafa kan, yatsansa ya tsaya a kan layukan. Wannan karon bai sake shi ba, sai da Mma ta ɓamɓare shi daga hannunsa da daddare.

Yaya ya bi ramukan da ƙarfen gyaran zare, ya auna tsawon kowane noti, sannan ya miƙo mini sifana ya ce ni zan ɗaure. Ya nuna mini yadda ake fara shigar da shi da yatsu har sai ya zauna, kafin a kawo ƙarfe, da yadda ake bin su a gicciye ba a jere ba. Na fasa fatar yatsa biyu. Na ba shi haƙuri a kan maganar da na faɗa masa, ya ce bai ji ba, injin walda na ƙara a lokacin.

Wata Juma'a muka ɗauko Baba mu biyu muka zaunar da shi a kujerar hagu. Na ja motar a hankali daga Aboabo zuwa Babban Masallaci, yara na bin mu a guje. A hanya akwai wani rami da ban gani ba sai da tayar gaba ta faɗa. Gabana ya yanke. Motar ta nutsa ta taso ta ci gaba da tafiya, Baba ya bubbuga ƙofa da tafin hannunsa sau biyu, kamar yadda yake yi wa motar mutane idan ya gama aiki.

Noti huɗun da suka rage suna cikin gwangwaninsu a ɗakina. Ƙanwata ta ce ranar suna ba ta yarda da wani uzuri ba.