Hayar Kwale-kwale a Tafkin Tiga

Mutumin Riruwai ɗan dutse ne, ba ɗan ruwa ba. Yaron da ya tashi a wannan gari, can ƙuryar kudancin Jihar Kano cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa, da duwatsu ya buɗe ido, da kuma ramukan da mahaƙan kuza suka bari. Ruwan da ya sani bai wuce na rafi da na kududdufi ba. Duk da haka, sai ga wani saurayi ɗan garin, ɗalibi a jami'a, ya kamu da begen teku alhali bai taɓa ganin ta ba.

Mafarin abin kuwa shi ne wasu hotuna da ya yi ta gani a wayarsa, na mawadatan duniya da kan ɗauki hayar ƙananan jiragen shaƙatawa masu tafiya da ƙarfin iska, su yi mako guda suna zagaya tsibiran Karibiyan, ko na Seshel da ke cikin Tekun Indiya. Ya kuma karanta cewa hayar iri biyu ce. Akwai wadda akan haɗa mutum da matuƙi da mai dafa abinci, akwai kuma wadda akan danƙa masa jirgin shi kaɗai, bayan ya nuna shaidar ya iya tuƙi, ya kuma ajiye kuɗin jingina. Wannan ta biyun ita ta fi burge shi, domin a ganinsa babu 'yancin da ya kai mutum ya zama sarkin jirginsa.

To, da yake aljihun ɗalibi bai kai Seshel ba, sai ya tuna akwai ruwa a kusa da gida. A wani hutu na ƙarshen bazara ya tara abokansa biyar, suka yi karo-karo, suka sayi burodi da ƙuli-ƙuli da rake, suka shiga mota. Suka ratsa Dajin Falgore, suka wuce Tudun Wada, hantsi bai gama dubawa ba suka sauka a bakin Tafkin Tiga.

Ya kamata mai karatu ya san cewa wannan tafki ba daɗaɗɗe ba ne. Gwamnatin Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ita ce ta datse Kogin Kano, aka gama aikin a 1974, bayan farin da ya addabi ƙasar Hausa a farkon shekarun 1970. Ruwan ya mamaye fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 178, kuma daga gare shi ake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir. Sai dai kafin ruwa ya zo akwai gonaki da ƙauyuka a wurin, aka tashi mutanensu, aka sake musu matsuguni. Tuddai da kawunan duwatsun da ruwa bai iya shanyewa ba, su ne baƙo kan hango yau ya kira su tsibirai.

A bakin gaɓa samarin suka tarar da masunta, waɗansu na gyaran koma, waɗansu na sayar da karfasa da tarwaɗa ga mata masu suya. Aka nuna musu wani dattijo mai kwale-kwale. Bayan gaisuwa saurayin ya ce, "Baba, jirginka muke so ka ba mu haya zuwa la'asar. Za mu je wancan tsibiri. Ba sai ka wahala ba, mu da kanmu za mu tuƙa."

Dattijo ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Samari, a cikinku wa ya iya iyo?" Aka yi tsit. Ya ce, "To, jirgina ba ya fita ba ni a ciki. Kuma mutum uku yake ɗauka ban da ni. Sai dai a yi sawu biyu, mu kuma dawo kafin azahar ta wuce."

Wannan magana ta ɓata wa saurayin rai ƙwarai. A zatonsa dabara ce irin ta 'yan kasuwa, don a ninka musu kuɗi. Ya yi tayin ƙari a kan a kwashe su gaba ɗaya, dattijo ya ce albarka. Ya sake ƙarawa, dattijo ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, ka ji labarin Bagwai?" Ashe yana nufin jirgin da ya kife a madatsar Watari a ƙarshen watan Nuwamba na 2021, ɗauke da mutanen da suka fi ƙarfinsa, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya, inda aka rasa rayuka fiye da 20. Daga nan bakin saurayi ya mutu, aka shirya a kan sawu biyu.

Da suka hau ruwa sai ya lura da wani abu. Tsibirin ga shi nan a gabansu sosai, amma dattijo bai miƙe gare shi ba. Sai ya karkata hagu, ya yi nisa, sa'an nan ya komo dama, tamkar mai bin wata hanya da shi kaɗai ke ganin ta. Saurayi ya kasa haƙuri, ya ce, "Baba, ai miƙewa ta fi sauri."

Dattijo bai amsa ba sai da suka ƙara gaba kaɗan. Sa'an nan ya tsoma filafilinsa a gefen jirgi, ya ƙwanƙwasa wani abu da ke kamar kamu ɗaya a ƙarƙashin ruwa. Kututturen itace ne, baƙi ƙirin, mai kaifin baki. Ya ce, "Wannan ɗorawa ce. A gindinta mukan huta in mun taso daga gona. Da bazara ruwa kan ja baya, sai kanta ya matso sama, ta fasa cikin jirgin wanda bai san ta ba. Hanyar da kuka ga ina bi, hanyar rafi ce ta dā, nan ne ruwa ya fi zurfi."

Haka ya yi ta nuna musu wurare a kan ruwan da su ba su ga komai a kansa ba sai ƙyalli. Nan masussuka ce, can rijiya, can kuma maƙabarta. Yana ɗan saurayi aka tashe su, ya bi iyayensa zuwa sabon wuri, daga baya ya koyi su a hannun baƙin masunta da suka biyo ruwa. Tsibirin da suka nufa kuwa, dutsen da yake hawa ne yana yaro yana kiwon awaki. Da ɗan Riruwai ya ji haka sai jikinsa ya yi sanyi, domin ya san abin da dutsen garinsu yake a wurinsa, ya kuma ƙiyasta yadda zai ji in wata rana baƙi suka biya shi ya kai su kan dutsen su ci burodi su ɗauki hoto.

An kai sawu na biyu lafiya. Suka ci, suka sha, suka yi sallar azahar a kan fā. Ba su ƙoshi da wurin ba dattijo ya dubi gabas ya ce a tashi. Su dai ba su ga komai ba sai ɗan duhu a gindin sama, amma wannan karon babu wanda ya yi musu. Sawun farko ya sauka cikin natsuwa. Na biyu, wanda saurayin ke ciki, yana tsakiyar hanya iska ta taso, ruwa ya murtuke, igiyarsa ta riƙa marin jirgi tana zubowa ciki. Dattijo ya miƙa masa ƙwarya ya ce, "Kwashe, kada ka miƙe tsaye." Ya yi ta kwalfa hannunsa na rawa, bakinsa na salati, har Allah ya kai su gaɓa. Da su shida ne a ciki, ko kuwa su kaɗai, da labarin ya sha bamban. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

A hanyarsu ta komawa gida saurayin ya yi ta juya abin a zuciyarsa. Ya fito ne da niyyar hayar katako, ashe abin da kuɗinsa ya biya shi ne sanin da ke kan dattijon nan, sanin da ya samo asali tun wurin yana ƙasa busasshiya. Ya kuma gane dalilin da ya sa ko a can tsibiran da yake bege ba a sakar wa baƙo jirgi sai an tabbatar ya san ruwa. Bambancin kawai shi ne, can akwai taswirar da aka zana duwatsu da zurfin ruwa a cikinta, shi kuwa wannan dattijo taswirarsa a kansa take, kuma sa'o'insa da suka ga wurin kafin 1974 kullum raguwa suke yi.

Wannan aiki ne da ke jiran ɗaliban Hausa. Sunayen gonaki da rafuka da itatuwan da ke kwance a ƙarƙashin Tiga, da kalmomin su da na tuƙi da suka shigo bakin manoman jiya, duk suna nan a bakin tsofaffi, ba su wuce tafiyar yini ɗaya daga ajin karatu ba. Shi dai ɗan Riruwai ya koma Tiga a hutun da ya biyo baya, da littafi da alƙalami da goron gaisuwa. Allah ya sa wasu su bi sawunsa tun masu ba da labarin suna raye.