Ledar Magungunan Kawu

Da likitoci a Shika suka yanke shawarar cire ƙarin dajin da ke hantar kawuna, matarsa ta kira ni daga Hunkuyi ta ce, "Ɗan nan, me za mu taho da shi?" Na ce, "Inna, tattaro duk maganin da yake sha, har na gargajiya, ki zubo a leda."

A cikin ledar na iske asfirin da diclofenac, waɗanda ya daɗe yana saye a kemis saboda ciwon baya. Gabana ya faɗi. Hanta ce ke samar da yawancin sinadaran da ke daskarar da jini, ga ta Kawu ta ƙandare da tabo bayan shekaru da ciwon hanta nau'in B. Idan hanta ta ƙandare, jini yakan cunkushe a jijiyar da ke shiga cikinta, saifa ta kumbura ta riƙe ƙwayoyin da ke toshe rauni. Asfirin kuwa yana raunana ragowar ƙwayoyin, tasirinsa yakan kai kwana 7 zuwa 10.

Likitoci suna da dabarunsu. Akwai wadda James Hogarth Pringle na Glasgow ya bayyana a 1908: a matse jijiyoyin da ke kai wa hanta jini yayin yanka. Yawanci akan matse na minti 15, a saki na minti 5, domin hanta mai tabo ba ta jure doguwar yunwar jini. Likitan sa barci kuma yakan taƙaita ƙarin ruwa, don kada jijiyoyin hanta su cika su yi ambaliya. Amma duk gwanintar likita, da abin da aka faɗa masa yake aiki.

Na kai wa likitocin ledar, suka tsayar da magungunan, suka ɗaga ranar aiki. A kwanakin jiran nan muka tara 'yan'uwa suka ba da jini. An yi aikin, aka ƙara masa leda biyu, ya farfaɗo.

Idan an sa wa naku ranar tiyata, ku kai wa likita kowace ƙwaya da kowane jiƙo, kada kunya ta sa ku ɓoye. Wanda likita ya ɗora a kan asfirin saboda zuciya, kada ya daina da kansa. Ku nemi masu ba da jini tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.