Tartsatsin Da Na Ci Gasa Da Shi

A hutun Kirsimeti muka koma gida Garki, ni da wani abokina ɗan ajinmu. Kafin hutun, malamin kimiyya ya ba mu labarin Nikola Tesla, wanda ya ƙirƙiro kwayil mai ɗaga ƙarfin lantarki a 1891, har a 1899 a Amurka ya riƙa fitar da tartsatsi mai tsawon mitoci da yawa. Mu kuwa abin da muka samu shi ne tsofaffin kwayil biyu na mota a wurin wani bakanike, da batir da ya ara mana bayan dogon gargaɗi.

Muka yi sharaɗi: wanda tartsatsinsa ya fi gajarta zai ɗebo wa ɗan'uwansa ruwan wanka in an koma makaranta. Da dare muka gwada, ana hunturu. Sai a taɓa waya a kan batir a janye da sauri, a lokacin janyewar ne wutar take tsallakawa. Muna matsar da bakin wayar kaɗan-kaɗan, muna aunawa da rula ta katako. Malam ya ce iska tana bukatar kamar bolt 3,000 kafin wuta ta tsallake milimita ɗaya tsakanin ƙarafa masu kai mulmulalle. Nasa ya tsaya a milimita 7, nawa ya kai 11.

Ga abin da ban faɗa ba. Shi kan ƙusa ya ɗaura a bakin wayarsa, ni kuwa allurar ɗinkin mamata. Lantarki yana taruwa a wuri mai tsini, ya keta iska da wuri, ko da kwayil ɗin bai fi wani ƙarfi ba. Malam ya bayyana haka ran da yake koya mana aikin ƙarfen kare tsawa, ranar kuwa abokina yana kwance da zazzaɓi.

Mako uku yana ɗebo mini ruwa, yana yabon kwayil ɗina. Yabon nan ya fi komai damuna. Wata Lahadi bayan sujada na faɗa masa gaskiya. A hutun Ista muka sake gwadawa, allura ɗaya, rula ɗaya. Nasa ya kai 13.

Bai yi faɗa ba. Ranar da muka koma makaranta na tarar da bokitinsa a gindin gadona.