Tsohon Agogon Masu Nutso

A Turai da Amurka da Japan akwai masu kashe dukiya wajen tara tsofaffin agogunan masu nutso cikin teku. Na daɗe ina sha'awar abin, ko da yake aljihuna bai kai can ba.

Blancpain ya fitar da Fifty Fathoms a 1953, Rolex ya nuna Submariner a 1954, Seiko kuwa ya yi nasa a 1965. Ba domin ado aka ƙera su ba. Akwai zobe mai juyawa kewaye da gilashin. Mai nutso yakan saita shi domin ya ƙirga mintoci, kada iskar da ya goya ta ƙare yana ƙarƙashin ruwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, masana ba su son wanda aka goge yana ƙyalli. Guga tana cin ƙarfe, sabuwar fuska kuma tana karya farashi. Tabon aiki suke nema, shi ne shaidar asali.

In za ka saya, tambayi abin da aka sauya. Kada kuma ka tsoma shi a ruwa sai mai gyara ya gwada robar murfin, gama tsohuwar roba takan bushe, ruwa ya shiga ya lalata injin.