Kasuwar da Ba Ta da Fatoma

Kasuwanninmu na gargajiya sun san darajar baƙo. Falken da ya sauke kaya a Kurmi yana da fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa har a gama ciniki. Kasuwar hannayen jari ta Najeriya, wadda ta fara ciniki a Legas a 1961, ta bunƙasa har ta shiga wayar hannu, amma sabon shiga, musamman mai jin Hausa kaɗai, har yau lalube yake yi.

Na ga illar wannan a cikin dangina. A 2004, da Babban Banki ya umarci bankuna su kai jarinsu naira biliyan 25, an yi ta tallan hannun jari. Kawuna, ɗan kasuwar hatsi, ya sayar da shanu biyu ya saya. An gaya masa kuɗinsa za su haihu, ba a gaya masa farashi yana faɗuwa ba. Da kasuwar ta durƙushe a 2008, ya jefa takardun cikin akwati, bai sake waiwayarsu ba. Sai bayan rasuwarsa muka gano ribar shekaru tana jiran mai karɓa, domin cakin yana tafiya ne akwatin gidan waya da aka daɗe da rufewa.

A 2024 an sake umartar manyan bankuna su kai jarinsu naira biliyan 500, talla ta dawo. Ɗalibaina suna tare ni bayan lacca da tambayoyi uku: ta ina zan fara, zan iya yin asara, kuma halal ne? Amsoshin ba su da wuya. Ana farawa ne da dillalin da ke da rajista da hukumar SEC, shi zai buɗe wa mutum asusu a CSCS, inda ake ajiye hannayen jari. Sannan a cike takardar da za ta sa riba ta riƙa faɗawa asusun banki kai tsaye. Asara kuwa tana yiwuwa, don haka ba a zuba kuɗin makaranta ko na haya. Mai gudun riba ta haram yana da jerin kamfanonin da aka tantace bisa shari'a, wato ma'aunin Lotus, wanda aka ƙaddamar a 2012.

Abin takaici, wannan bayani da bai cika shafi ɗaya ba yana binne cikin Turancin ƙwararru. Mai damfara kuwa da Hausa tsantsa yake zuwa, da alƙawarin ninki cikin wata guda, shi ya sa yake riga dillalin gaskiya isa aljihun mutanenmu.

Ina kira ga hukumomin kasuwar da dillalai su sa waɗannan amsoshi uku a bakin ƙofa, da Hausa, kafin kowace talla. Mu ma malaman jami'a, sassan tattalin arziki da na harsuna, mu zauna mu daidaita kalmomin wannan fanni. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a wannan kasuwa mu ne ya kamata mu zama 'yan garin.