Famfon Berliet zuwa Maijirgi

Famfon gazuwal na babbar mota bai wuce kamu biyu ba, amma nauyinsa sai wanda ya ɗauka. Namu an naɗe shi da tsohon zane an cusa cikin buhu, kuma Kawu ya rantse ba za a jefa shi bisa mota cikin kayan mutane ba. Aparanti ya yi mita har ya gaji. Haka muka bar Maraɗi da hantsi, ni a bakin taga, Kawu kusa da ni, famfo a cinyarsa kamar jinjiri.

Kawu tsohon direban manyan motoci ne, idanu ne suka sauke shi daga sitiyari. Yana da aboki a Maijirgi, wani Alhaji da suka yi aparanti tare a hannun maigida ɗaya, kuma Alhajin yana da wata tsohuwar Berliet da tun ina yaro nake jin labarinta. Tun farkon damina take kwance, famfonta ya daina tura mai yadda ya kamata, aka aiko shi Maraɗi wurin wani dattijo da ba ya taɓa komai a jikin mota sai famfo da nozul. Da gyara ya kammala, Kawu ya ce da hannunsa zai mayar. Ni aka ce in raka shi saboda idon.

Hanyar ita ce RN1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso da Maraɗi da Damagaram har Diffa. Kaka ta yi, an girbe gero, kara ne tsaye a gonaki, gawo kuwa ya fara fidda ganye yadda ya saba idan ruwa ya ɗauke. A Cadawa muka bar hanyar Mayahi a hagu, muka wuce Agye da Gazawa. Ni gonaki nake kallo, Kawu motoci. Tankokin da ke tasowa daga matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ko ɗaga kai bai yi musu ba, haka ma sababbin motocin Sin masu ƙyalli. Amma da muka tarar da rassan itace jere a kan kwalta, alamar mota ta mutu a gaba, sai ya miƙa wuya. Marsandi ce mai gajeren hanci, bodin katako, ta sha lodin wake, mutum biyu kwance ƙarƙashinta.

"Karanta mini lambar da ke jikin ƙofa," in ji shi.

Na ce 1113. Ya gyaɗa kai: tan 11, ƙarfin doki 130. Ya ce wannan ba za ta kwana a nan ba, domin duk abin da ya karye mata akwai shi a Ƙofar Ruwa ta Kano, wani ma a Maraɗi. Da gaskiyarsa. An ƙera irin wannan Marsandi daga 1959 har 1995, kuma kamfanin ANAMMCO na Inugu ya harhaɗa ta a Najeriya tun farkon shekarun 1980, shi ya sa kayanta suka cika ko'ina. Berliet ce marainiya.

Daga nan har Tasawa bakinsa bai rufu ba, kuma zancen duk na gyaɗa ne. Tun da dogo ya isa Kano a 1911, gyaɗar ƙasar nan ta samu ƙofar fita, raƙuma da jakuna suka fara kai ta, daga baya motoci suka karɓe. Bayan 'yancin kai aka kafa SONARA a 1962 don sayen ta. A lokacin, in ji shi, direban babbar mota ba ya rasa mata, ba ya rasa bashi a kanti. Fari na 1973 da 1974 ya karya gyaɗar, motocin da suka rage suka koma ɗaukar wake da aya da dabbobi da 'yan cin kasuwa.

A Tasawa muka sha fura, muka sauya mota. Maijirgi ba nisa, tana gabas a kan kwaltar. Baƙo in ya zo, abin da aka fi nuna masa shi ne kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa da suka ƙone garuruwa tun daga yamma, suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, har sojojinsu suka juya musu baya suka harbe su a nan cikin Yulin 1899. Na nuna sha'awar tsayawa. Kawu ya ce matattu ba sa gudu, a fara kai famfo.

Motar Alhaji tana tsaye bayan gida ƙarƙashin rumfar kara da aka yi dominta, alhali awaki suna rana. An ɗora ta bisa kututture don kada tayoyi su gaji da zama, an toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro. Dogon hanci gare ta mai faɗi, gilashin gaba biyu da ƙarfe a tsakani, fenti shuɗi wanda aka shafa da buroshi, ana ganin sawun gashinsa. A goshinta akwai alamar kamfanin, kan jirgin ƙasa, an goge shi har yana ɗaukar ido. Marius Berliet na birnin Liyon ya ɗauki alamar ne bayan ya sayar wa wani kamfanin ƙera kawunan jirgin ƙasa na Amurka izinin yin motocinsa a 1905. Abin ya ba ni dariya, domin a ƙasar nan da dogo bai taɓa yi mata aiki ba, wannan kan jirgi na goshin mota shi ne ya ja kayanmu shekara da shekaru.

Alhaji bai gaisa da mu sosai ba sai da ya kwance buhun. Ya juya famfon, ya shinshina, sannan ya dube ni.

"Ɗana, kun sha hanya. Wannan tsohon bai yar mini da shi ba dai ko?"

"A cinya ya riƙo shi, Baba."

"To, ya ci abinci."

Samfurin GLR ce, wadda aka fara nunawa a 1949, mai inji silinda biyar. Amma in aka ce a nuna abin da ya fito daga Faransa a jikinta, ba zai wuce shasi da kai da gangar injin ba. Lagireto na wata mota ne aka yanke aka yi masa walda. Fitilu na Marsandi ne. Ganyen sifirin biyu maƙerin gari ne ya buga su daga na wata matacciya. Katakon bodi an sauya shi tun ba a ƙirgawa. Sunan Berliet kansa ya ɓace daga kasuwa bayan an haɗe shi da Saviem ƙarƙashin Renault a 1978, don haka Alhaji yakan sa 'yan Agadas su leƙa masa kayan motocin Aljeriya, tunda masana'antar Ruwiba da ke can Berliet ce ta kafa ta a 1957, jinin ɗaya ne. Sauran kuwa sai farauta: duk inda ya ji an yar da gawar Berliet tsakanin Mayahi da Takeita, zai hau babur ya je da sifana.

A Turai akwai masu wannan ƙauna, kuma suna kiran ta da sunanta. Iyalan Berliet sun kafa gidauniya a 1982, suna da rumbu kusa da Liyon inda aka jera tsofaffin motoci, kowace an mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, har launin fenti. Da ɗayansu zai ga ta Alhaji, da ya dafe kai. Ni ban ga abin dafe kai ba. Tasu an tsayar mata da shekaru, wannan kuwa kowane ƙarfe baƙo a jikinta shaida ce ta wata rana da ta mutu a daji wani ya tashe ta da abin da hannunsa ya samu.

Shi Alhaji in ka ce masa sha'awa ce, zai musa. Zai ce motar neman abinci ce, tana kai wake kasuwa. Babban ɗansa, wanda ke riƙe da lissafin gida, ya ja ni gefe bayan magariba ya faɗa mini abin da kowa ya sani: abin da take ci a shekara ya fi abin da take kawowa, kuma rago biyu aka sayar kafin famfon nan ya tafi Maraɗi. 'Yan gwangwan sun zo da sikeli sun yi tayi a kan kilo, tsoho ya kore su har bakin hanya. A wurinmu dattijo ba ya cewa yana son ƙarfe don Allah, sai ya laƙa masa sana'a. Abin da ya fi damuna shi ne, 'yan gwangwan ɗin ba sa gajiya, kuma yawancin irin motar nan ta hannunsu suka bi aka narke.

Da sassafe bakanike ya zo daga Tasawa da yaransa. Ɗaura famfo ba ɗaure ƙusa kawai ba ne. Sai an juya inji da hannu a hankali har alamar da ke jikin faifan baya ta zo daidai, sannan a daidaita ta famfon da ita, domin mai ya shiga silinda a kan lokacinsa. Alamar ta shafe da tsufa. Kawu, da ba ya ganin lambar mota, ya sa yatsa ya lalubo ta. Aka ɗaura bututu biyar, kowane zuwa nozul ɗinsa. Sai cire iska: yaro ɗaya yana danna ɗan famfon hannu, bakanike ya sassauta ƙusa, kumfa na fita tana tsartuwa, har gazuwal ya zo tas ba kumfa, a ɗaure, a koma ta gaba. Hannun kowa ya yi baƙi har gwiwa. Yaran nan biyu ba su taɓa ganin cikin irin wannan inji ba, kuma na lura tsofaffin ba sa korar su, sai ma "matso ka gani" da ake ta ce musu.

Aka sauke ta daga kututture, aka cire tsumman salansa. Batir biyu da aka aro suka yi gurnani suka yi shiru. Sai aka yi shela, samarin unguwa suka taru, aka turo ta zuwa gangaren bayan gari. Alhaji ya sa giya, ya saki kuloci. Ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sannan ta kama da wata irin ƙara mai ɗingishi wadda Kawu ya ce ita ce muryar silinda biyar. Yara suka ɗauki ihu, mata suka leƙo ta kan darni. Alhaji bai motsa ba sai da allurar iska ta hau, domin birkinta na iska ne, in tanki bai cika ba ba ta da tsayawa.

Muka hau kwalta wajen Kundumawa, ni a baya riƙe da katako. Sitiyarin ba shi da mai taimako, ina hango kafaɗun tsohon suna aiki a kowace kwana. Masu babur suna wuce mu suna ɗaga hannu. Ba mu yi nisa ba ya juyo.

Ko kafin a kashe ta musu ya tashi, saboda farin hayaƙin da take fitarwa. Bakanike ya ce zama ne, in inji ya yi zafi zai washe. Kawu ya ce ƙarya ne, mai yana makara, famfon yana son a ɗan gusa shi gaba, kunnensa ya ji. Alhaji ya goyi bayan Kawu, ɗansa ya tambayi ko gusawar tana da kuɗi. Aka tsayar da cewa gobe za a sake kwancewa.

Na ce wa Kawu ina da aiki a Maraɗi. Ya ce in tafi, in gaya wa gida yana nan sai hayaƙi ya gyaru. Ɗaya daga cikin yaran bakaniken ne ya kai ni wurin kaburburan a kan babur, daga nan na tsaya bakin kwalta na tari motar Tasawa.