Jakar Da Na Ɗinka Bayan Ruwa Ya Ci Littattafaina

Masu jiran ci gaban labarinmu ku ɗan yi mini haƙuri, yau hirar ɗinki na zo da ita. Dalili kuwa, wata baƙuwa ce ta ga jakar goyo da ke rataye a ɗakina ta tambaye ni shagon da na saya, na ce mata ai ba saye ba ne.

A daminar 2016 abin ya faru. Littafina ya fito daga Kano, na karɓi kasona a tasha nan Gusau, kuma ɗana na fari (ku yafe ni, ba na kama sunansa) shi ke goya su ya hau mashin ya kai wa masu shago a Tsafe da Bungudu. Jakar kanti ce irin ta 'yan makaranta, mai sheƙi da aljihu barkatai. Rannan ya kama hanyar Tsafe, ya wuce dutsen Kwatarkwashi kaɗan sai ruwa ya tsuge, madauri ɗaya ya ɓalle daga jikin jakar, ta faɗi cikin taɓo ta dare. Kwafi sittin ne a ciki. Kun dai san takardar littattafanmu, ko gumin hannu ba ta jurewa, balle ruwan Agusta. Kuɗin bugun kuwa na adashe ne da ban gama zubi ba. Yaro ya dawo jiƙe sharkaf yana kuka, ni ma na shige ɗaki na yi nawa.

Da zuciya ta huce sai na dubi keken ɗinkina Butterfly, wanda ya zo cikin kayan ɗakina, na ce me zai hana in ɗinka tawa? Na sayo tamfol na hau aiki da allurar da nake ɗinkin atamfa. Kafin la'asar na karya uku, zaren ƙasa ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu.

Washegari na ɗauki yagaggiyar jakar na nufi wurin wani tsohon baduku a kasuwa, wanda tun muna yara yake ɗinka gafaka da kube. Ya juya ta, ya sa yatsa a inda madaurin ya fita, ya ce, "Ɗiyata, wagga jikka ba yadinta ad da laifi ba. Dubi nan, layi guda suka yi mata. Rataye gafaka ake shekara talatin ba ta tsinke ba, kin taɓa tambaya don mi?" Na ce, "A'a Baba, sai ka faɗa mini." Ya ɗauko wata ya nuna mini yadda igiyar ta shige can cikin jiki, an naɗa ta da wata fata an sake ɗinkewa. Wato duk nauyin kaya a mahaɗar nan yake taruwa, wurin da bai fi tafin hannun jariri ba, kuma nan ne masu jakar kanti suke tsimin zare.

To ga abin da na koya, daga bakinsa da kuma ɓarnar da na yi da hannuna. Allura mai lamba 14 ta atamfa ce, tamfol da kyanbas sai mai lamba 18. Zaren auduga yana ruɓewa in ya sha ruwa, sai na lailon. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tazarar ɗinki. Mu mata mun saba cewa ɗinki mai kyau shi ne ƙanana a matse, amma a jikin tamfol kowace huda rami ce da ba ta rufewa, in ka jera su kusa-kusa ka yi masa layin yagewa ke nan, kamar na takardar rasit. Sai a buɗe tazarar, kuma ba a warware a sake, don tsohon ramin nan ruwa zai bi. In an gama sai a goga kyandir a kan layin.

Madauri kuwa, wurin 'yan gwangwan na aika aka yanko mini bel ɗin kujerar mota guda biyu. Abin da aka saƙa don ya riƙe ƙato a lokacin haɗari, littafi sittin wasa ne a wurinsa. Ana ƙona bakinsa da ashana don kada ya warware. Na sa soso a daidai kafaɗa, na shigar da bel ɗin ciki kamar tsawon yatsa, na ɗora ƙyallen tamfol ta baya, sannan na yi ɗinki mai kusurwa huɗu na gitta shi daga lungu zuwa lungu. Nan kam keke ya ƙi, kaurin ya fi ƙarfinsa, da basilla na ƙarasa, tafin hannuna ya yi kwana uku yana zogi. Zif na sa babba mai lamba 10, na yi masa murfi ya sauko a kansa, domin ta haƙoransa ruwa ya fi shiga.

Gaskiya ba ta yi kyau ba. Shuɗiya ce mai kama da rumfar biki, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, har yaron ya ce abokansa za su yi masa dariya, gara ya ɗaure Ghana-must-go a bayan mashin. Na ce ya goya ko ya zauna gida. Ya goya.

Damina uku ta yi tana zirga-zirga tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu, ko kwafi ɗaya bai ƙara jiƙewa ba. Daga baya hanyoyin suka lalace da 'yan bindiga, na hana shi fita, masu karatu kuma suka koma waya, shagunan da nake kai wa da yawa sun daina ajiye littafi. Yanzu ƙanensa ke zuba kaya a ciki in zai koma makarantar kwana. Zif sau biyu na canja, soson kafaɗa ya lanƙwashe na sake wani, amma mahaɗar madaurin nan har yau ban mayar mata da allura ba. Baban nan ya rasu ban samu na kai masa ita ya gani ba, Allah Ya jiƙansa.